Ɗanyen Taki A Garkar Baba

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shatu! Fito ki ga abin da yaron nan ya yi mini!"

Muryar Baba ce daga bayan gida. Ina zaune a kan darduma, carbi a hannuna, ban ma san me nake ja ba. Tun kafin kiran assalatu warin ya shigo ta taga ya zauna mini a maƙogwaro. Na kunna turaren wuta har kasko biyu, abin sai ya ƙara haɗewa ya zama wani abu daban.

Inna ta fita da gudu, ɗankwali a hannu. Na bi bayanta a hankali, na laɓe a bakin ƙofar da ke fita garka.

Wayyo, masu karatu. Abin da na bari jiya da magariba tuli ne baƙi wuluk, mai sheƙi, a tsaye cif. Yanzu ya narke ya baje. Ya malale cikin kwamin latas, ya danne alayyahu, wani siririn baƙin ruwa kuma ya kama hanya yana gangarawa wajen rijiyar Baba, wadda rabin unguwarmu ke sha. Ƙudaje kuwa kamar an yi musu shela. Matan maƙwabta sun jera kawuna a kan katanga, kowacce ta toshe hanci da mayafi, amma ba wadda ta sauka.

"Wa ya kawo wannan masifa?" in ji Inna.

Wata daga kan katanga ta amsa tun kafin Baba ya buɗe baki. "Ai Mainasara mai amalanke ya faɗa a bakin masallaci jiya. Ya ce saƙo ne daga Injiniya Zakiyyu, takin surukai!"

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Babana Malam Sama'ila mutum ne da ko ɗigon fitsarin akuya ya taɓa masa riga sai ya canza kafin ya yi salla. Ya tsaya yana kallon garkarsa.

"Yau fa," ya ce a hankali. "Yau iyayensa za su zo sa rana bayan an sauko daga Juma'a. Wannan ce gaisuwar da ya aiko mini?"

Na dubi hannuwana. Jan lalle da baƙi, zanen da aka ɓata yini ana yi mini saboda yau. Mainasara bai yi ƙarya ba, abin da na ce ya faɗa shi ya faɗa.

Bari in koma baya kaɗan, don waɗanda yau suka fara bina.

Sunana Fadila. Zakiyyu shi ne wanda zan aura, in Allah ya sa akwai sauran rabo. Aikinsa a bayan gari yake, can ta hanyar Mashi, wajen da motocin yashe masai ke juye kayansu. Da can a kududdufi ko a daji suke zubarwa, ruwan sama ya kwaso ya dawo wa mutane da shi. Su Zakiyyu sai suka yi tafkuna na siminti. Ruwan ya kwanta, ya tace, a shayar da itatuwa da shi. Dagwalon da ya rage a ƙasa kuma a shanya shi a kan yashi, a gauraya da ɓuntun shinkafa da kara, a tula, a yi ta juyawa wata da watanni har ya zama taki. In Zakiyyu ya fara wannan bayani a zaure, idonsa har ƙyalli yake yi. Ni kuwa in yi ta kallon agogo, ina addu'ar kada ƙawayena su wuce su ji.

Don sun riga sun raɗa mini suna. Amaryar Masai. A wajen biki, a islamiyya, har a rukuninmu na WhatsApp. In na sa hoto da sabon leshi sai wata ta turo hoton mai toshe hanci.

Baba ma da farko ya ƙi. Ya ce ba zai ba mai cinikin najasa 'yarsa ba. Sai da Zakiyyu ya kawo masa gamammen takin a cikin ƙwarya, Baba ya murza, ya shaƙa, ya ji ƙamshin ƙasa kawai, ya je ya tattauna da abokansa malamai a kan najasar da ta rikiɗe ta koma turɓaya, sannan ya sassauto. Bai ce yana so ba. Ya ce dai ya ji.

To a wajenmu akwai al'ada. In bazara ta yi, saurayin da yake da gaske yakan kai taki gonar mahaifin yarinya kafin ruwa ya sauka. Ba a cewa komai. Amalanke ya wuce ta tsakiyar gari, kowa ya ga inda ya nufa, magana ta ƙare. Zakiyyu ya zo mini da maganar da murnarsa, wai zai zubar wa Baba buhu-buhu a garka, ta zama gonar gwajinsu ta farko a cikin gari.

Na ce, "Yaya Zakiyyu, ka kawo mini turare, ka kawo mini atamfa. Amma kada ka kuskura ka biyo layinmu da kashin mutanen Daura."

Ya ce, "To, gimbiya." Bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma na ɗauka na ci nasara.

Sai ranar Laraba ina kwance ina duba waya na ci karo da hoton da Barakatu ta ɗora. Barakatu 'yar Kawu Sada ce, ƙanin Inna, wato tobashiyata. Tun muna yara in na sa jan takalmi sai ta sa wanda ya fi shi ja. Ga ta nan a gonar Kawu, cikin ruwan hoda ɗin hijabi, gira a gyare, ta jingina da zogale kore shar a tsakiyar rani. A bayanta buhuna a jere. A gefen hoton kuma, wallahi ko a cikin dubu zan gane, hannun Zakiyyu ne da agogonsa. Ta rubuta a ƙasa: "Albarkar hannun Injiniya. Wasu na toshe hanci, mu muna cin miya."

Na tashi zaune. Na ƙara girman hoton har hannun ya cika fuskar wayar.

Na tura masa saƙo: "Na ga aiki ya yi kyau a gonar Kawu. Allah ya sanya alheri."

Duk macen da ke karanta wannan ta san me nake nufi. Shi kuwa sai ga amsa: "Amin gimbiya! Kin ga yadda zogalen ya yi? Gobe ina Mashi wajen manoma, babu sabis sosai. Sai Juma'a, ranarmu."

Har da hoton zuciya. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kiran Barakatu.

"Tobashiya, kin ga hoton?"

"Wane hoto? Ba ni da data."

"Ayya. To amalanke dai ya bi ta kasuwa, ya bi ta ƙofar mai unguwa, ya tsaya a gonar Babana. Har tsofaffi sun fara tambayar Babana wai ko an canza gida ne. Na ce ni dai ban sani ba, a tambayi mai takin."

"Gonar gwaji ce, banza."

"E, gwaji ne. Ai komai da gwaji ake farawa."

Ta kashe tana dariya. Wasan tobasai ne, na sani. Amma kwana na yi ina ganin hannun nan da agogon nan. Ni ce na ce kada ya kawo, haka ne. Amma da na ce kada ya kawo mana, ce masa na yi ya kai wa wata?

Washegari da la'asar na zura hijabi na ce wa Inna zan je karɓo ɗinki. Na samu Mainasara a bakin kasuwa da shanunsa. Muka nufi bayan gari, ni a kan acaɓa, shi yana biye. Ban taɓa wuce ƙofar wurin ba sai ranar. Mai gadi ya san fuskata. Da na ce Injiniya ne ya aiko a ɗebar wa surukinsa taki, sai ya washe baki ya buɗe, ya koma kan buzunsa ya tayar da salla.

A ƙarƙashin rumfa ga buhuna, irin na hoton Barakatu sak. Na buɗe ɗaya. Busasshen abu, ruwan ƙasa, ba wari ba komai. Na taɓe baki. Wannan ne abin da take yi mini yanga da shi? Can gefe kuma na hango wasu dogayen kwamaye, cike da wani baƙi mai danshi, yana sheƙi kamar kwalli. An kafa sanda a bakinsu da jan ƙyalle. Zuciyata ta ce, ga na manya nan, shi ya sa aka yi masa alama.

"Wancan za ka ɗebo."

Mainasara ya ja baya. "Hajiya, wannan fa yana bugu."

"Bugun shi ne ƙarfin. Ka cika amalanken. Kuma ta kasuwa za ka bi, ka bi ta ƙofar mai unguwa. Duk wanda ya tambaya ka ce daga Injiniya Zakiyyu zuwa gidan Malam Sama'ila."

Baba na masallaci, Inna na kicin tana suyar dubulan, muka shiga ta ƙofar baya muka juye. Na ce a raina zuwa safe iska ta kwashe warin. Da a ce sau ɗaya na taɓa sauraron Zakiyyu a zaure har ƙarshe, da na san me jan ƙyalle yake nufi.

To ga mu yanzu, safiyar Juma'a.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Wani ya riga ya kira Zakiyyu a waya. Zakiyyu ya shigo ta ƙofar garka cikin farin yadi mai aikin wuya, guga kamar ta yanka hannu, da hular da na ɗinka masa da hannuna a watan azumi. Ya durƙusa zai gaida Baba, idonsa ya sauka a kan tulin. Na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi rijiya. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadarin farko na bana ya fara haɗowa, baƙi ƙirin.

Sannan ya dubi bakin ƙofa. Silifas ɗina na nan inda na cire su jiya, da baƙin abin nan a bushe a jikinsu. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai.

"Zakiyyu," in ji Baba, "daga wajenka wannan ya fito?"

"Daga wajenmu ne, Baba."

"Shi ne takin da ka kawo mini a ƙwarya?"

"A'a, Baba. Wannan ɗanye ne, ko shanya bai gama sha ba. Akwai ƙwan tsutsar ciki a cikinsa, akwai cuta. Bai kamata ya fita daga ƙofarmu ba." Ya miƙe tsaye. "Kula da wurin a wuyana yake. Laifina ne."

Na ci gaba da laɓewa, na bar shi ya ɗauki laifin. Ku zage ni, na yarda.

"Na gode da ka faɗi gaskiya," in ji Baba. "Ka aika wa iyayenka kada su wahalar da kansu yau. Ba yau ba, ba gobe ba."

Inna ta dafe ƙirji. Zakiyyu ya runtse ido, ya buɗe.

"Na ji, Baba. Amma don Allah a bar ni in tsare rijiyar nan kafin ruwa ya sauko. Inna, a rufe bakinta da faranti da leda, kada kowa ya ja ruwa. A hana yara shigowa. Duk ganyen da abin ya taɓa a bar shi, ba na ci ba ne. Ina buƙatar toka, duk wadda ke unguwar nan, da shebur da baro."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen zogale. Ya fara tare baƙin ruwan da ƙasa, yana yi masa shinge, fararen takalmansa na nutsewa.

Cigiyar toka ta zaga unguwa, sai ga sallama. Kawu Sada ne, Barakatu na biye da shi, bokitin toka a kanta, ƙwaryar busasshen taki a hannu. Hijabin nan dai mai ruwan hoda. Da sassafe, amma har ta samu lokacin sa jan baki.

"Baba Malam, wallahi a yi bincike," ta ce, ta durƙusa a gaban Baba, murya na rawa kamar a fim. "Ni na san aikin Yaya Zakiyyu. Ga wanda ya kawo mana nan, shaƙa ka ji. Ni da kaina na tsaya yana nuna mini yadda ake zubawa. Ko tafin hannunsa ba ya bari ƙazanta ta taɓa, balle ya kawo gidan mutunci. Wani maƙiyi ne ya yi masa wannan."

Yaya Zakiyyu. Ta san tafin hannunsa.

Ta miƙe ta kai wa Zakiyyu tokar. Iskar hadari ta taso, hularsa ta karkace tana shirin faɗawa cikin dagwalon.

"Kawo in riƙe maka," in ji Barakatu.

Ya cire ya miƙa mata ba tare da ya duba ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta kaɗe, ta rungume ta a ƙirji. Hular da na sossoke yatsuna da allura ina ɗinkawa, da azumi a bakina.

Masu karatu, zan so in ce muku tsoron Allah ne ya fito da ni daga bayan ƙofa. Zan so in ce tausayin Zakiyyu ne. Wallahi hular nan ce.

Ban san lokacin da na tsallake kwamin latas ba, babu takalmi. Na fizge ta daga hannunta.

"Ba maƙiyi ba ne, ni ce! Ni na je na ɗebo, ni na ce Mainasara ya bi ta kasuwa! Kuma ko ɗanye ne ko dafaffe, gidanmu aka kawo, ba gidanku ba!"

Har matan kan katanga suka saki mayafansu. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ce 'yar fari, ta ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa?"

"Ya kai gonar Kawu," na ce, hawaye na zuba. "Gari duk ya gani."

"Ba ke kika ce kada in biyo layinku ba?" Zakiyyu ne, a hankali, shebur a hannu.

"To sai ka bi layin wasu?"

Kawu Sada ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Dariya yake yi, Allah ya gani. Barakatu ta tafa hannu. "Tobashiya, ashe har kin fi ni son takin. Ni dai a buhu aka kawo mini."

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya daɗe yana kallona, daga lallen hannuna har ƙafafuna da suka nutse cikin abin da na yi rantsuwa ba zai biyo layinmu ba. Sannan ya juya.

"Zakiyyu, ka san ita ce?"

"Na ga takalminta, Baba."

"Ka ɗauki laifin."

"Ƙofarmu ce ta bari ya fita."

Baba ya gyaɗa kai. Aka yi tsawa daga nesa.

"Wannan abin, in an bi shi yadda kuke yi, yaushe zai zama irin na ƙwaryar nan?"

"In an gauraya shi da ɓuntu da kara, ana juyawa yana ɗaukar zafi, sai bayan kaka. Sai an gwada an ga babu sauran ƙwai."

"To shi ke nan. Na janye maganata ta ɗazu, ban fasa ba ka ita ba. Amma ba za a sa rana a kan wari ba. Ranar da ka kawo mini wannan tulin, shi ɗin nan da 'yata ta zaɓo da kanta, na murza na shaƙa ban ji komai ba, ranar iyayenka su zo." Ya kalle ni. "Ke kuma ɗauki shebur."

Bayan kaka! Ga dubulan an soya, ga leshina a rataye. Na ɗauki shebur da hannun lalle, na cusa hular a cikin hijabi.

"Amma ba za mu iya mayar da shi bayan gari kafin ruwa ba," in ji Zakiyyu. "Ana son tudu, kusa, nesa da rijiya."

"Gonata mana," in ji Kawu Sada. "Ga ta nan a kan tudu. Ka zo ka yi ta juyinka har kaka."

Barakatu ta kalle ni, ta yi murmushi har da lumshe ido. "Kada ki damu, tobashiya. Ni zan riƙa kai masa ruwan sha."

Na ɗaga shebur ɗin. Har yau ban san me na yi niyyar yi da shi ba, don a daidai lokacin wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta taka birki a ƙofar garka. Wata mata ta sauko. Doguwa, baƙar abaya, farin gilashi, dogayen takalman roba har gwiwa. Ba ta toshe hanci ba. Ta tsaya ta ƙare wa tulin kallo, ta ƙare wa rijiyar kallo.

"Salamu alaikum. Daga hukumar tsaftar muhalli nake. An kira mu cewa an ratsa kasuwa jiya da ɗanyen dagwalo. In haka ne, yau zan sa wa wurin da aka ɗebo shi kwaɗo. Wane ne mai kula da shi?"

Zakiyyu ya juyo, gumi na zuba, toka har gira. Matar ta zare gilashinta a hankali. Muryarta ta sauka, ta yi wani laushi da bai yi kama da na aiki ba.

"Kabo? Kai ne?"

Kabo. Sunan da mahaifiyarsa kaɗai ke kiransa da shi, wanda ni kaina sau ɗaya na gwada ya ce in bari.

Shebur ya suɓuce daga hannun Zakiyyu. Ɗigon ruwan farko ya faɗo mini a goshi. Barakatu ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, ta yi ƙasa da murya, babu wasa a ciki ko kaɗan.

"Tobashiya, wannan kuma wace ce?"